Lamba Shida a Ranar Makoki

Wayata ƙarama ce, irin mai tocila a ka, layin da ke cikinta kuwa ya shekara goma sha bakwai a hannuna. Ni kafinta ne a Palladan. Duk wanda na taɓa yi wa ƙofa ko benci, daga nan har Samaru, da wannan lambar ya san ni. Matata Doguwa ba ta yi boko ba, amma ta haddace lambar tsaf. In ruwa ya tare ta a wurin sayar da kunu a Samaru, sai ta ari wayar mai tumatir ta kira ni in zo in taya ta ɗaukar bokiti.

'Yarmu ta fari sunanta Rahila. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunan da bakina ba, Uwata nake ce mata. Da kunun Doguwa da zarton hannuna ta karanta ilimin kwamfuta, ta samu aiki a ɗakin gwajin jini na Mista Babatunde da ke Sabon Gari, mai ƙaramin reshe a Samaru. Ma'aikata goma sha huɗu ne, ita kaɗai ce mai kula da kwamfutocinsu. A takarda an rubuta mata manaja, amma in firinta ta cije ita ce, in janareto ya ƙi tashi ita ce, in wayar matar oga ta cika da hotuna ita ce dai.

Wata rana cikin bazara ta zo shagona da tsakar rana, fuskarta a murtuke. An fizge mata waya a cikin keke mai ƙafa uku.

"Baba, ara mini layinka na sati biyu," in ji ta.

"Ki ɗauke shi ke nan? Masu aiki fa?"

"Ba ɗauka zan yi ba. Zauna in yi maka bayani."

Na ajiye guduma na zauna. Ta ce in ɗauka duk sakamakon gwajin da suka yi wa mutane shekara shida a cikin rumbu ɗaya yake, rumbun kuma ba a Zariya yake ba, ta intanet ake shigarsa. Yana da kwaɗo biyu. Na farko kalmar sirri ce. Na biyu kuwa, duk lokacin da wani ya zo shiga da baƙuwar kwamfuta, sai a aika lamba shida zuwa wata waya, in bai kawo lambar ba ƙofa ba ta buɗuwa. Wayar da ake aika wa ita ce aka sace, ta samu ta toshe layin, yanzu tana neman inda za ta maƙala kwaɗon kafin a dawo mata da nata.

"To ogan naku ba shi da waya?"

Ta yi dariyar takaici. "Wayar oga? Jikokinsa ke wasa da ita da safe, Bibiana mai karɓar baƙi ke amsa masa ita da rana. Sau uku ina rubuta masa ya sayo ɗan makulli na musamman da ake yi don wannan aikin. Ka san me ya ce? Wai wa zai bar banki ya zo satar sakamakon fitsari?"

Monday, abokin aikina da muke shago ɗaya shekara ashirin, ya tuntsire da dariya har ƙusa ta faɗo daga bakinsa. "Ai ogan yana da gaskiya. Ni ko kyauta aka ba ni ba na so."

"Kawu Monday, in aka manna naka a bakin kasuwa za ka sani."

"Nawa lafiya lau yake, sai dai ɗan suga."

Ta juyo gare ni, ta daina dariya. "Taka ba ta shiga intanet, ba ka ba kowa aro, shi ya sa na zaɓe ta. Amma ka ji, Baba. In ka ga lamba shida ta shigo, kada ka karanta wa kowa. Ko Fasto ne."

"Ko ke?"

"Ni da ƙafata zan zo."

Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba. Ni da na tsaya a firamare, ga shi an ba ni ajiyar makullin ofis.

Sati biyun bai cika ba Doguwa ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, aka ce ƙoda ce. Daga nan Uwata ba ta ƙara samun kanta ba, daga ofis sai asibiti, daga asibiti sai gida ta dafa abin da likita ya ce a dafa. An dawo mata da layinta, amma maganar mayar da kwaɗo ta bi ruwa. Ni ma ban tuna mata ba. Wata biyar muna haka. Ranar wata Asabar cikin Agusta, ana yayyafi, Doguwa ta cika.

A wurinmu in babba ya rasu ana buga fosta, da hotonsa da ranar jana'iza da sunayen waɗanda ya bari. Ni da Monday muka je wurin mai bugawa a Samaru. Da ya zo kan sunayen yara sai ya rubuta Rahila Obadiya kawai, zai wuce.

"Tsaya," na ce. "Rubuta aikinta."

"Baba, wuri ba zai isa ba."

"Ka rage hoton furannin nan. Matar nan shekara goma sha tara tana dama kunu don wannan layin rubutu guda. Rubuta manajar kwamfuta, ka sa sunan wurin aikin."

Ya rubuta. A ƙasa ya sa lambata da manyan baƙaƙe, don masu neman kwatance. Matasan coci suka manna ta tun daga Samaru har Muchia, suka kuma watsa hotonta a wayoyi.

Ranar Talata muka kai ta ƙauyenmu bayan Giwa muka binne ta kusa da iyayena. Muka dawo Palladan muka ci gaba da zaman makoki a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida. Wayata ba ta huta ba. Wasu na san muryarsu, wasu ban sani ba, kuma ba a tambayar mai ta'aziyya ko shi wane ne. Tun muna yara aka koya mana cewa wanda ya zo taya ka kuka ba ka tsare shi a bakin ƙofa, ba ka kuma riga shi sallama.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe biyu wani ya kira. Muryar saurayi ce mai natsuwa, Hausarsa irin tamu.

"Baba Obadiya, sannu da haƙuri. Ya muka ji da wannan rashi?"

"Da godiya, ɗana."

"Ba za ka gane ni ba, Baba. Na yi karatu a Samaru. Akwai lokacin da abinci ya yanke mini, Mama Doguwa ta yi sati guda tana ba ni kunu ba ta karɓi ko sisi ba. Jiya na ga hotonta, wallahi na kasa cin abinci."

Muryarsa ta karye. Nawa idon ma ya kawo ruwa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙi Ubangiji ya ta'azantar da ni, ya ambaci Uwata da ƙannenta biyu da sunayensu. Sannan ya ce su tsofaffin ɗalibai da suka sha kununta sun shirya yi mata sujada ta waya da ƙarfe huɗu, mutum talatin daga garuruwa daban-daban, suna so in saurara in sa musu albarka.

"Yanzu za a turo maka wata lamba, Baba, ita ce za ta shigar da kai cikin taron. Karanto mini in haɗa ka."

Wayar ta yi ƙara a kunnena, saƙo ya shigo.

Ba zan yi ƙarya in ce na manta da gargaɗin Uwata ba. Na tuna. Har na ɗaga kai na hango ta, tana tsakiyar matan zumunta tana zuba shinkafa a faranti, tsakanina da ita bai fi taku goma ba. Amma sai na ce a raina wannan ai lambar addu'a ce, ba ta ofis ba. Kuma da wane baki zan ce wa yaron da ya gama kuka saboda matata ya dakata in bincika ko shi ɓarawo ne? Na laluba aljihu na ciro tabarau. Na Doguwa ne, da shi take tsintar shinkafa, ni kuma in ara in duba ma'auni. Rubutun Turanci ne a sama, ban tsaya kansa ba. Na karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, har na maimaita don kada ya yi kuskure.

"Allah ya saka, Baba. Sai ƙarfe huɗu."

Huɗu saura na bar mutane a rumfa na shiga ɗaki. Na sa riga mai tsabta, na ɗauko Littafi Mai Tsarki, na zauna a bakin gado da waya a tafin hannu. Na shirya abin da zan faɗa musu game da ita. Huɗu ta yi, ta wuce. Biyar ta yi. Na kira lambar, aka ce a kashe take. Na ce ƙila ruwan sama ne ya ɓata layi.

Washegari da safe Mista Babatunde ya kira Uwata. Ina jin ihunsa daga inda nake zaune. Ta fita da baƙin zanen makoki, ko fuska ba ta wanke ba.

Sai da yamma ta dawo. Ƙanwar Doguwa ta ajiye mata tuwo, ba ta taɓa ba. Ta zauna a kan turmi tana ba mu labari da murya ƙasa-ƙasa. Ranar da za ta tafi hutun rasuwa, oga ya matsa sai ta bar wa Bibiana, mai karɓar baƙi, babbar kalmar sirri, wai kada aiki ya tsaya. Ranar Laraba wani saƙo ya shigo imel ɗin ofis mai kama da na kamfanin da ke ajiye musu bayanai, yana cewa za a rufe rumbun in ba a tabbatar da kalmar ba. Bibiana ta tsorata, ba ta so ta dami mai makoki, ta rubuta musu. Kwaɗo na farko ke nan. Yanzu ɓarayin sun shiga, sun canza makullai, sun kulle sakamakon shekara shida. Faifan da take kwafe komai a ciki don irin wannan rana, matar oga ta ɗauke shi tun watan jiya ta zuba bidiyon bikin 'yarta, ta goge abin da ke ciki. Ɓarayin sun ce a biya su, in ba haka ba za su watsa sirrin mutane. Don a san da gaske suke, sun riga sun aika wa mutum goma sakamakonsu a waya.

"Wata mata daga Hanwa ta zo ta zauna a ƙasa a gaban kanta," in ji Uwata. "Ko mijinta bai san ta yi gwajin ba. Tana ta tambayata, 'Yata, wa kuma ya gani?"

Ƙanwar Doguwa ta ce, "To kwaɗo na biyun fa? Ba kin ce biyu ba ne?"

Uwata ta dubi tuwon. "Shi ma sun buɗe."

Ba ta dube ni ba. Na tashi na ɗauki bokiti na shiga wanka, na bar wayar a kan tebur. Da na fito na tarar an juya ta, fuskarta na kallon ƙasa, ba yadda na ajiye ta ba. Na buɗe, saƙon nan ne a sama. Uwata tana tsakar gida tana wanke faranti, ta ba ni baya.

Ta sani ke nan, kuma ta san na gane. Na jira ta yi magana, ba ta yi ba. Na buɗe baki sau biyu, abin da ya fito shi ne, "Uwata, ki ci abinci mana." Ta ce, "To, Baba."

Haka muka yi Asabar. Tana fita da safe ta dawo da yamma, ta gaishe ni a durƙushe kamar kullum, ta kawo mini ruwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Waya in ta yi ƙara, na koma miƙa wa Monday ya amsa.

Ranar Lahadi bayan sujada Bibiana ta zo yi mini ta'aziyya. Uwata ta raka wasu baƙi bakin titi. Yarinyar ta durƙusa, idonta ya kumbura.

"Baba, ka yi wa Rahila magana. Ni na yi nawa kuskuren, na faɗa, oga ya zage ni ya gama. Amma ita ta ƙi buɗe baki."

"A kan me?"

"Oga ya kawo ɗan wansa Tosin daga Kaduna, shi ma aikin kwamfuta yake. Ya duba ya ce ba fasa kwaɗo na biyu aka yi ba, da lambar gaskiya aka buɗe. An aika ta wani layi mai ƙarewa da arba'in da bakwai, kuma ba na kowa ba ne a ofis. An tambaye ta layin wa ne, ta ce ba za ta faɗa ba. Madam, matar oga, ta ce to na saurayinta ne, tare suka shirya, hutun makoki ma dabara ce. Gobe ƙarfe goma 'yan sanda za su zo su tafi da ita."

Layina da arba'in da bakwai yake ƙarewa. Yana nan da manyan baƙaƙe a jikin kowane bango daga Samaru zuwa Muchia, ba wanda ya lura sai ɓarayin.

Bayan ta tafi na samu Monday a bayan rumfa na faɗa masa komai. Ya daɗe yana murza gemu.

"Obadiya, in ka je kai za su riƙe."

"Na sani."

"Tsoho da kai, da hawan jini. Yarinyar nan ta san abin da take yi, kare ka take."

"Da sunanta take kare ni, Monday. In aka shiga da ita ofishin 'yan sanda sau ɗaya a kan satar sirrin marasa lafiya, wa zai ƙara ba ta makullin ko da kejin kaji? Doguwa ba ta yi sati a ƙasa ba."

Sai ya ce, "Zan raka ka."

"A'a. Ka buɗe shago."

Litinin na riga Uwata fita. Na ce mata zan je duba katako. Na sa wayar da tabarau a aljihu, na saka maganin hawan jinina ma don ban san inda zan kwana ba, na hau mota zuwa Sabon Gari. Mutane sun fi ashirin a ƙofar ɗakin gwajin, wasu riƙe da rasit, wani dattijo yana ta faɗa da mai gadi. Na shiga na zauna a bencin jira. Ni na yi bencin, shekara uku da suka wuce, na gane shi da wata ƙusa da na lanƙwasa a ƙafarsa.

Mista Babatunde haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Ya zo jana'izar Doguwa har ƙauye. Da ya gan ni ya ce, "Baba kafinta, in roƙo ka zo yi, ka makara. Na ɗauki yarinyar nan kamar 'yata."

"Ba roƙo na zo ba, ranka ya daɗe. Kaya na kawo."

Ya shigar da ni ofis. Tosin na zaune gaban kwamfuta, saurayi mai ƙaramin gemu. Na ciro wayar na ajiye a kan tebur.

"Ga layin da kuke nema."

Na ba su labari tun daga ranar da aka fizge wayar Uwata har zuwa ƙarfe huɗun da na zauna jiran addu'a. Ban rage komai ba, har maganar fosta da na sa aka rubuta aikinta. Tosin ya ɗauki wayar da yatsa biyu, ya duba saƙon, ya duba lambar da ta kira ni, ya gyaɗa wa kawunsa kai.

"Haka suka yi," ya ce. "Sun samu kalmar sirri, na'ura ta nuna musu ƙarshen layin, suka nemi sunan mai kula da kwamfuta, fosta ta ba su sauran. Baba, an rubuta a saƙon nan kada a faɗa wa kowa."

"Da Turanci aka rubuta, ɗana. Amma ko da Hausa ne, an riga an faɗa mini. Laifina ne."

Mista Babatunde ya dafe kai da hannu biyu. "Kai, Baba kafinta. Ka kashe ni, kuma ban san ta inda zan fara jin haushinka ba."

Ana cikin haka Uwata ta turo ƙofa. Ta gan ni, ta ga wayar a tebur, ta tsaya cik.

"Baba, katakon ke nan?"



Tosin ya juya gare ta. "Ke da iliminki, kika ɗora makullin kamfani a wayar tocila?"

"Na ɗora," in ji ta. "Na kuma bar shi wata biyar, wannan nawa ne, ba na Baba ba. Amma buɗe durowar hagu ta oga, akwai takarduna uku. Na nemi makulli, na nemi faifai na biyu da za a kulle a wani wuri, na nemi rana ɗaya a rufe ofis in koya wa ma'aikata gane saƙon ƙarya. Karanta abin da aka rubuta a ƙasan kowace."

Tosin bai buɗe ba. Mista Babatunde ne ya ce, a hankali, "Na rubuta a dakata." Sannan ya ɗauki wayarsa ya fita baranda. Muna ji yana ce wa 'yan sanda ba sai sun zo ba, an gano bakin zaren, ba na ciki ba ne, zai zo da kansa ya kai rahoton lambar da ta kira.

Da ya dawo ya zauna, bai dubi kowa ba. "Rahila, ke ba ɓarauniya ba ce. Zan faɗa a gaban ma'aikata, zan faɗa wa madam, zan kuma rubuta miki a takarda. Amma kin ga mutanen da ke waje. Sai na ce musu wani ya tafi, ni kuwa ba zan iya korar kaina ba."

Na zame daga kujera na durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni ne na..."

"Baba, tashi," in ji Uwata. Ba ta taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Ta kama hannuna ta ɗaga ni. Sannan ta ce wa ogan, "Na ji. Abu ɗaya nake roƙo. A bar ni zuwa Juma'a in kira mutanen da sunansu ke cikin littafin karɓar baƙi, in faɗa musu da bakina abin da ya faru da abin da za su yi in an kira su. Kada su ji a bakin ɓarayi."

Ya ce ya yarda.

Ta yi kwana huɗu tana kiran mutane. Wasu sun zage ta, wasu sun yi mata ta'aziyya. Abin da ya faru da rumbun daga baya ban sani ba, Tosin ne ya karɓi aikin, na dai ji an sayo makullin nan a satin. Ranar Juma'a ta dawo da takardar wanke ta da oga ya rubuta a cikin ambulan da kofin shayinta a leda.

Washegari ta ce in shirya mu je Samaru a canza mini layi. Ta ce ɓarayin sun san lambar, sun san mai ita yana amsawa, za su dawo da wata muryar ko su sayar wa wasu.

"Shekara goma sha bakwai, Uwata. Ita kaɗai mamanki ta haddace."

"Na sani, Baba."

A shagon aka ɗauki hotona da yatsuna, aka ba ni sabuwar lamba da har yau sai na duba takarda nake faɗinta. Yarinyar shagon ta zare tsohon sim za ta jefa a kwando, na ce ta ba ni. Na sa shi a gidan tabarau na Doguwa.

Da muka fito ba mu hau mota ba. An yi ruwa da safe, fostocin sun fara saki. A jikin wani shagon caji Uwata ta tsaya gaban hoton uwarta, ta sa farce ta yage ƙasan takardar, inda sunanta da aikinta da lambata suke, ta bar fuskar. Ta dunƙule ta sa a leda. Muka matsa gaba, ga wata a jikin turken wuta. Wannan ni na yage. Haka muka riƙa bi, ita a hannun dama na titi, ni a hagu, in mun gama mu haɗu.

Wajen kasuwa, daidai inda Doguwa take ajiye bokitinta, akwai guda uku a jere. Muna cikin yagewa Uwata ta yi tambayar da ba ta yi ba tun ranar.

"Me ya ce maka, Baba?"

"Ya ce ya yi karatu a nan. Wai abinci ya yanke masa, ta yi sati tana ba shi kunu kyauta."

Ta daɗe tana kallon hoton. Mai tumatir ta hango mu ta taso tana goge hannu a zani.

"Ƙila ma gaskiya ya faɗa," in ji Uwata. "Wa Mama ba ta ba kunu ba a Samarun nan?"

Ta miƙo mini ledar in riƙe, ta juya ta durƙusa don amsa gaisuwa.